Yarinyar da Na Riƙe a Panya

A Kalaba na gane cewa mutumin da ya ɗauko mu daga tashar Kafanchan bai taɓa taka tsibirin da yake ta yabo ba. Duk tsawon hanya, a jirgin ƙasa da kuma a bayan babbar mota, yana ba mu labarin Panya kamar can aka yanke masa cibiya. Wai ana ba lebura bargo da takalmi, wai shinkafa sai ka ture. Da muka isa bakin ruwa sai ya damƙa mu ga wani mai kwale-kwale, ya ce bari ya sayo taba ya dawo. Har yau bai gama sayen tabar ba.

Sunana Ishaya, mutumin Madakiya. A lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, aikin lodin kwal da nake yi a loko, inda ake gyaran jiragen ƙasa, ya tsaya, ga shi ba mata, ba abin auren matar. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na gangaren Matsirga da ke kusa da garinmu ba, sai ga ni a tsakiyar teku cikin itacen da aka fafe. Na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito. Wata tsohuwa 'yar kasuwa da ke zaune a kan buhunan garinta ta dube ni ta girgiza kai, ta kwance bakin zanenta ta ba ni namijin goro. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Ta riƙe mini wuyan riga har muka ga ƙasa, don kada in faɗa ruwa.

Panya tsibiri ne mai wani dogon dutse a tsakiya wanda kullum kansa a cikin gajimare yake. Turawan Sifaniya ne suka mulke shi, suka bar yarensu da gonakin koko. Da na je yawancinsu sun riga sun gudu, sun bar helumai, shugabannin lebarori, suna juya mu yadda suka ga dama. Bargon da aka yi mana alkawari ya zama buhun koko da za ka farke da kanka. Shinkafa kuwa akwai, amma sai ka yi yarjejeniya da ƙwarin cikinta. Ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mu mutanen tudu mun saba damina ta zo ta wuce, a yi girbin acca, a sha iska. Can ko rigarka ka shanya sai ta yi funfuna.

Abin da ya fi aikin ciwo shi ne kaɗaici. Lebarorin gonarmu kusan duk mutanen gabas ne, waɗanda yaƙi ya cinye musu gidaje, ni kaɗai ne daga arewa. Suna kirana Bahaushe. Abin har dariya yake ba ni: a kasuwar Kafanchan Hausawa ba su taɓa ɗaukata nasu ba, sai da na haye teku sannan na samu wannan sarauta, a daidai wurin da ba ta da amfani. Ba su dake ni ba, ba su zage ni ba. Idan na zauna a benci sai a matsa, shi ke nan. Ban ga laifinsu sosai ba, amma na yi kuka a cikin itatuwan koko ba sau ɗaya ba. Wani lokaci kunnena ya riƙa jiyo mini kukan jirgin ƙasa, alhali babu ko ƙarfen dogo guda a tsibirin.

Da heluma ya ji na taɓa aikin wuta, sai ya tura ni rumfar da ake busar da koko. A nan na haɗu da Anselmo. Ɗan asalin tsibirin ne, ƙabilar Bubi, gajere mai faɗin kafaɗa, shi ke kula da murhun. Da Turancin buroka muke magana, wanda kowa ke ji a can. Shi bai san wani abu wai shi arewa ko gabas ba. Ya tambaye ni sunana, na faɗa, ya ce akwai shi a Littafi Mai Tsarki, ya miƙo mini gasasshiyar ayaba.

Ban yi wata uku ba zazzaɓi ya kwantar da ni. A barikin lebarori idan ka kwanta, sai dai a tsallake ka a tafi aiki. Anselmo ne ya goya ni a bayansa kamar buhu, ya hau da ni tudu zuwa ƙauyensu. Matarsa Pilar, doguwa ce mai son tsokana, a lokacin tana da ciki. Ta dafa wasu ganyaye masu ɗacin tsiya tana ɗura mini, ina yamutsa fuska tana kwaikwayona. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙaton da ke tsoron ganye ba.

Ranar da na fara iya tashi, ta zuba mini gwaza da miyar manja. Na ɗauki kwanona na fita bakin ƙofa na tsuguna, don a wurinmu baƙo ba ya kutsa kai inda mai gida ke ci da matarsa. Anselmo ya fito ya ɗauke kwanon daga hannuna.

"Familiya ba ya cin abinci a bakin ƙofa," in ji shi.

Na ce, "Mene ne familiya?"

Ya ɗan yi tunani. "Wanda ke ci daga tukunyarka. Wanda ake aika masa idan ka mutu."

Daga ranar na kasa kunne, sai na ga kalmar tana ko'ina. Abin da mu muke rabawa mu ce iyali, mu ce dangi, mu ce gida, su duk da ita suke faɗa. Idan an haɗu a hanya ana tambayar lafiyar familiya. Idan za a yabi yarinya sai a ce ta fito daga familiya ta kirki. A majami'arsu akwai hoton Yusufu da Maryamu da jariri Yesu, shi ma Familiya Mai Tsarki suke ce masa. Har shugaban ƙasar, idan ya hau rediyo, cewa yake duk ƙasar familiya ɗaya ce, shi ne uba. Na lura idan ya faɗi haka mutane ba sa duban juna. Ni dai na ce a raina, ai wannan kalma na gane ta, ba ta da wuya. Mu ma haka muke.

Pilar ta haihu mace, aka sa mata Lusiya. Wata ranar Asabar Anselmo ya sa rigarsa mai kyau ya zo har bariki, ya ce yana roƙona in riƙe yarinyar gobe a wurin baftisma. Na ce wannan har sai an sa riga mai kyau? A ikilisiyarmu babba ake yi wa baftisma, a rafi, bayan ya yi aji ya ba da shaida da bakinsa. Ban taɓa ganin ta jariri ba. Na ɗauka hannun uwar ne zai gaji, ana neman mai taimako. Fadan majami'arsu tsoho ne, ɗan ƙasa, idonsa duk tsoro. Ya tambaye ni ko ni Kirista ne, na ce e, bai ƙara ba. Ya yi ta tambaya da yaren Sifaniya, Anselmo yana taɓa ni ina amsawa. Aka zuba wa yarinyar ruwa ta tsala ihu, aka ba ni kyandir na riƙe. Ni duk hankalina yana kan kada in kayar da 'yar mutane.

Da muka fito Anselmo ya rungume ni ya kira ni kompadre. Ya ce daga yau haka za mu riƙa kiran juna, Pilar kuma komadre ce a gare ni. Ma'ana mun yi tarayya a kan 'ya ɗaya: shi uba na jini, ni uba a gaban Allah. Na tambaye shi me ya sa ya tsallake 'yan'uwansa ya zaɓi lebura baƙo.

Ya dubi hanya ya rage murya. "Duk wanda zan zaɓa a nan, wuyansa da nawa a igiya ɗaya suke. Kai kana da wata ƙasa."

Wani abu ya canza wanda ban gane ba a lokacin. Pilar ta daina tsokanata. Idan na shigo sai ta miƙe, ta gyara zane, ta gaishe ni kamar surukinta. Ba ta ƙara zama a benci ɗaya da ni ba. Na yi ta bincika kaina ko na yi mata laifi. Da na tambayi Anselmo sai ya yi dariya ya ce girmamawa ce, haka ake yi. Na bar maganar a nan, tun da abinci bai ragu ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, kowace ta fi ta baya muni. Albashi ya zama sai an ga dama, daga baya aka daina ganin damar. Kantuna suka bushe, sabulu da gishiri suka zama labari. Samarin shugaban ƙasa suka cika hanyoyi da bindigogi, yaran da jiya suke roƙonka ayaba yau su ce ka kwanta a taɓo. Aka rufe majami'u, tsohon Fadan nan ba a sake ganinsa ba. Lebura ba shi da ikon barin gona, balle tsibiri. Ni abin da ya riƙe ni a raye ranar Lahadi ce. In hau tudu, Lusiya ta rugo ta kama ƙafata, in ɗaga ta sama. Na sassaƙa mata turmi ɗan ƙarami, na koya mata wata waƙar Sande Sukul da Hausa, tana yi tana cinye rabin kalmomin.

Ranar da aka kama Anselmo muna tsaye tare a bakin murhu, rana tsaka. Su uku suka zo. Ba wanda ya faɗi laifinsa, har yau ban sani ba. Wasu sun ce rediyon waje yake saurara, wasu sun ce wani ne ke son filinsa. Bai yi gardama ba. Ya miƙo mini sheburin da ke hannunsa, ya ce, "Kompadre, ka san abin da ka karɓa." Na tsaya da shebur biyu kamar wawa har motar ta ɓace.

Pilar ta riƙa kai masa abinci gidan yari a birni, tafiya mai nisa a ƙafa, tana barin yarinyar wurin gwaggon mijin, wata tsohuwa mai suna Katalina. Ba a barinta ta gan shi, karɓar kwanon kawai ake yi a ƙofa. Wata rana mai gadin ya tura mata kwanon da ƙafa ya ce kada ta ƙara wahalar da kanta. Haka ake sanar da mutuwa a can. Ba gawa, ba kabari, ba a yarda a yi kuka da ƙarfi ba. Muka zauna a ɗaki mu uku da yarinya, ƙofa a rufe, muna makoki kamar ɓarayi.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa gwamnatinmu ta gaji da kashe mata mutane, za ta aiko jiragen ruwa a kwashe 'yan Nijeriya. Dokar a fili take: ɗan Nijeriya, da matarsa, da 'ya'yansa. Ɗan tsibiri ba ya fita. Matar wanda ya mutu a gidan yari kuwa kowa ya san ba a barinta ta daɗe, an riga an fara zuwa ana ƙirga mata awaki. Abin da ke gabana ɗaya ne, in fitar da Pilar da Lusiya tare.

Kuma ni ban ga wata wahala a ciki ba. Mahaifina ya rasu ina goye. Ƙanensa ne ya gaji uwata, ya gaje ni, shi nake kira Baba har gobe. Fastoci sun yi ta wa'azi a kan wannan al'ada, amma ko a cikin dattawan ikilisiya akwai waɗanda a irin wannan ɗaki aka haife su. A wurinmu namijin da ya bar matar ɗan'uwansa ta watse da 'ya'ya, shi ne abin kunya. Anselmo ya ce ni familiya ne, ya ce na san abin da na karɓa. To me ya rage?

Na so in yi abin da mutunci, ba a ɓoye ba. Na wanke rigata, na samo ɗan bammi, na hau tudu da safe. Na sa aka kira tsohuwa Katalina ta zauna a matsayin manya. Na durƙusa na ce ɗan'uwana ya tafi, ni ne na rage, na zo in karɓi ɗakinsa yadda ake yi. Pilar za ta zama matata, Lusiya 'yata, in kai su gidan ubana.

Tsohuwar ta yi alamar gicciye, ta tofar da yawu a ƙasa. Pilar ta miƙe tsaye a hankali, fuskarta kamar na watsa mata ruwan zafi.

"Kompadre, me na yi maka?"

Na ce, "Ba ki yi mini komai ba. Girmama shi nake yi."

"Da bakin da ka amsa wa Fada kake faɗin wannan?"

"Ai ku kuka ce ni familiya ne!"

"Shi ya sa," in ji ta. "Da kai baƙo ne da sai in yi tunani. Kai ka riƙe ta a kan ruwan baftisma. Tsakanina da kai ya fi na wa da ƙanwa. Ka taɓa ganin wanda ya auri ƙanwarsa?"

Katalina ta ce a garinsu an taɓa yin wasu kompadre da komadre da suka haɗa shimfiɗa, yaron da ke tsakaninsu bai kai shekara ba. Ta ce zunubin a kan ɗan yake sauka. Na ce wannan camfi ne, babu shi a Littafi. Ta ce naku na gadon mata fa, a wace sura yake? Na ce yana nan a Tsohon Alkawari, in tana so in nuna mata. Ga mu dai, mutuwa tana zagaya gida, ni da tsohuwa muna musun Littafi. Pilar ta ciro ƙaramin gicciyen da take ɓoyewa a cikin tukunya, ta ɗora hannu a kai, ta rantse da ran 'yarta cewa bakinta ba zai taɓa kirana miji ba. Sannan ta buɗe mini ƙofa.

Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Ni abin da ya fi kyau a gidanmu na kawo mata. Ita ma abin da ya fi tsarki a wurinta ta tsare.

Lebarori suka watse daga gonaki, kowa ya nufi birni da ƙunshinsa a ka. Tashar jirgin ruwa ta cika maƙil, mutane suna kwana a kan siminti cikin ruwan sama, sojojin tsibirin suna ƙwace duk abin da ya yi musu kyau. Ni akwatin kwano ɗaya na tara a shekarun nan, da rediyo da 'yan yadudduka da zan kai wa uwata. A shingen farko aka raba ni da shi. Jirgi ya zo ya tafi, ban shiga ba. Wani jirgin ya zo, na ƙi shiga. Na aika wa Pilar saƙo ta bakin wani mai kai gawayi cewa ina nan ina jira. Mutanen gonarmu suka ce Bahaushen nan ya haukace. Daga baya aka ce jirgin da ke tsaye shi ne na ƙarshe da aka tabbatar.

Da safiyar ranar na hango ta, ta fi kowa tsawo a cikin taron, Lusiya a kafaɗarta. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Na kutsa na kama hannun yarinyar, muka shiga layi. Na yi ta yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Komadre, na janye maganata. Ba aure. Kalma ɗaya kawai za ki faɗa a gaban mutumin can. Muna sauka Kalaba ki zama ƙanwata har abada. Allah ya san zuciyarmu."

Ta ci gaba da bin layin. Na ɗauka ta amince, har na ji sanyi a raina.

A gindin matakalar jirgin akwai jami'inmu ɗaya, wani mai furfura da idonsa ya yi ja don gajiya, kusa da shi sojan tsibiri yana sauraron kowa. Jami'in ya tambaye ni garinmu, na faɗa. Ya nuna Pilar.

"Matarka ce?"

Na ce, "E, ranka ya daɗe."

Ya juya gare ta. "Madam, mijinki ne wannan?"

"Kompadre na ne," in ji ta. "Familiya ne."

Mutumin nan Allah ya saka masa. Ya gane komai. Ya saci kallon sojan, ya matso, ya ce, "Madam, ba wannan na tambaye ki ba. Mutane suna jira. Ki ce e kawai ki wuce."

Ta dubi Lusiya, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta girgiza kai. "Ba mijina ba ne."

Sojan ya sa bindiga a tsakaninmu. Jami'in ya sauke numfashi ya nuna yarinyar. "Wannan fa?"

"'Yarsa ce," Pilar ta faɗa da ƙarfi, ba ko ɗar. "A gaban Allah ya karɓe ta. A tambayi kowa."

Ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ɓamɓare yatsun yarinyar daga wuyanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora mini ita a ƙirji. Ta ce, "Ka koya mata sunana. Kada ta manta tana da uwa." Na baya suka turo ni sama. Da na kai benen jirgin na juyo, na ga bayanta tana tafiya, hannuwanta biyu a kan kunnuwanta.

Lusiya ta yi kuka har muryarta ta mutu. Ta cije ni, ta yaƙushe ni, ta ƙi ruwa. Wata mata daga gonarmu, wadda shekara da shekaru ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, ta taso ta karɓe ta, ta goya ta da zanenta har muka sauka. Da za mu rabu ta ce, "Bahaushe, ka riƙa ba ta abu mai ruwa-ruwa tukuna." Ban ma san sunanta ba.

Haka na sauka a tashar Kafanchan, shekara biyar da wani abu bayan tafiyata, ba akwati, ba takalmi, sai 'yar mutane a kafaɗa. Uwata ta fito daga gona ta gan mu, ta yi guɗa ta yi kuka, ta karɓi yarinyar ba ta tambayi komai ba. Tambaya wurin maza ta fito. Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka zaunar da ni a ofishin fasto.

"Ishaya," in ji fasto, "ka faɗa gaskiya a gaban Ubangiji. Yarinyan nan naka ne?"

Na ce tawa ce, amma ba ni na haife ta ba. Na yi musu bayanin kyandir da ruwa da kompadre, na ce akwai wata kalma, familiya. Suna ta kallona kamar mai sayar da maganin ƙarya.

Wani dattijo ya ce, "To in uban ya mutu, kuma kai ɗan'uwansa ne, me ya hana ka kawo matan?"

Fasto ya yi gyaran murya don ba ya son a ji dattijonsa yana goyon bayan gado. A ƙarshe suka yanke cewa na yi cikin shege a ƙasar waje ina jin kunyar faɗa, aka sa ni a horo, bencin baya, ba cin jibin Ubangiji. Ban yi musu ba. Na gaji da bayyana wa mutane abin da ni kaina sai da ya gama cutata na gane shi.

Abu ɗaya na riƙe. Kowace safiya kafin in tafi gona sai in kira Lusiya in ce, "Wa ya haife ki?" Ta ce, "Pilar." "Tana ina?" "Panya." Da farko idan ta faɗa sai ta fashe da kuka ta nufi hanya. Daga baya ta riƙa faɗa ba kuka. Daga baya kuma ta mai da shi waƙa, tana faɗa tana tsalle, kamar karatun 'yan aji ɗaya. Yaren Sifaniya ya zube daga bakinta, namu ya shiga, da Hausar 'yan makaranta. Ta koyi cin tuwon acca, tana kwana a bayan uwata tana kiranta Mama. Na yi ta tambayar duk wanda na ji ya dawo daga tsibirin, har Fatakwal na taɓa zuwa. Ba wanda ya san ƙauyen, sai mutum ɗaya da ya ce ya wuce ta wurin ya ga ciyawa ta rufe ƙofofi.

Bara, ina shan shayi a bakin tasha, na ji a rediyon mai shayin cewa an hamɓarar da shugaban nan na Panya. Na bar shayin na hau keken aro, ban san lokacin da na iso Madakiya ba. Na tarar da su a tsakar gida suna kankare citta, uwata da Lusiya, wadda yanzu ta kai shekara takwas. Na durƙusa a gabanta ina haki.

"Lusiya, hanya za ta buɗe. In Allah ya yarda zan kai ki Panya mu nemo Pilar."

Ta saki wuƙar. Ta dube ni, idonta ya cika da tsoro.

"Baba, me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Uwarki ce za mu nema."

Ta tashi da gudu ta shige bayan uwata ta ƙanƙame ta. "Mama, ki gaya masa! Ba zan ƙara wasa a rafi ba. Kada ya kai ni wurin matan nan!"

Uwata ta rufe ta da zane, ta ce mini da yarenmu in bar yarinya ta huta, ba a tsoratar da yaro da abin da bai sani ba. Na zauna a ƙasa na ɗauki wuƙar, na ƙarasa kankare cittar da ta bari.

Washegari da safe na kira ta kamar kullum. Ta zo ta tsaya nesa, hannunta ɗaya riƙe da ƙofa, tana jiran tambayar. Na dube ta, doguwa take zama, kafaɗunta irin na uwarta sak. Na ce ta je ta wanke fuska, kada ta makara makaranta.